Baba Sakata da Kunkurun Surukinsa

Baba Sakata ya yi gadi tun gashinsa yana baƙi har ya koma fari, kuma duk inda ya tsare, ko ƙusa ba a taɓa nema an rasa ba. Ya tsare shagon taya, ya tsare siton siminti, ya ƙare a ƙofar wani kamfanin sabulu, inda aka sallame shi da agogon bango da kujerar robar da ya saba zama a kai. A can ya samo sunan Sakata, domin ko manaja ne ya manta katin shiga, sai ya koma gida ya ɗauko. Ƙa'idarsa ɗaya ce: yadda aka ba ka, haka za ka mayar.

Da ya bar aiki bai iya zaman banza ba. Yakan kafa kujerar a ƙofar falo, matarsa tana shiga kicin tana fita, shi kuma yana tambayarta abin da ke cikin kwanon.

Yana cikin wannan hali surukinsa, mijin babbar 'yarsa, ya zo sallama. Mai walda ne, an ɗauke shi aiki a wani jirgi can tsakiyar teku, inda waya ba ta kamawa. Ya durƙusa ya gaishe shi, sannan ya fito da wata tsohuwar waya.

"Baba, ajiya na kawo."

A fuskar wayar akwai hoton kunkuru da hular ƙarfe, yana riƙe da guduma. Surukin ya yi bayani: kati ne na wani wasa da ake yi a waya, mutane suna haɗa katunansu faɗa, suna kuma saye da sayarwa a tsakaninsu. Irin wannan kunkurun kaɗan aka yi. An rubuta mai shi a wata sarƙar kwamfutoci da ke warwatse a duniya, kowacce tana riƙe da shaida, ba mai iya gogewa. Lambar da ke ƙarƙashin hoton kuwa, ita ce darajarsa a kasuwa.

"To in ba a iya sace shi, me zan tsare?"

"Wayar dai, Baba. A gida yara za su jefa ta a baho."

Baba ya karanta lambar nan har ta zauna masa a ka. Washegari ya je wajen mai askin layinsu, wanda shi ma ɗan wasan ne, ya sa aka nuna masa yadda ake canza lambobin buɗe wayar, ya juya baya ya canza. Sabon maigadi da sabon makulli yake fara aiki.

Ya ɗora wayar a kan teburin falo, ya juyo da kujerarsa. Lambar takan ɗan hau ta ɗan sauka, ya ɗauki wannan a matsayin numfashin kunkuru, bai damu ba.

Wata rana mai aski ya leƙo da tawul a kafaɗa.

"Baba, masu wasan za su saki sababbin katuna. An ce har da wata shirwa mai ɗaukar kunkuru ta yi sama ta sako shi. Ranar da ta fito, ba mai son naka ko a kyauta. Ka sayar tun da wuri."

"Ɗan nan, ni maigadi ne. Ka taɓa ganin na sayar da siminti don an ce hadari ya taso?"

Shirwa ta fito. Kafin matar Baba ta sauke tukunya, lambar ta tsuke ta zama 'yar guntuwa. Kunkuru yana nan, hularsa tana nan, gudumarsa tana nan. Baba ya duba bayan wayar, ya duba ƙarƙashin tebur, ya gwada tagogi. Sannan ya sa hula ya tafi caji ofis.

Ɗan sandan da ke kan kanta ya saurare shi da ladabi, ya karɓi wayar ya duba.

"Baba, ga kunkurun nan ai."

"Shi kam yana nan."

"To me aka ɗauka?"

"Abin da ke cikinsa."

"Wa kake zargi?"

"Wata shirwa."

Ɗan sandan ya ajiye biro a hankali, ya tambayi Baba ko ya karya kumallo.

Daga nan Baba ya rage cin abinci. Mutum ne da ba a taɓa cewa wani abu ya salwanta a hannunsa ba, ga shi yanzu kayan suruki, a cikin falonsa, idonsa biyu. Matarsa ta ce, "Malam, ka ci ko kaɗan. Shi kunkurun ban ga ya rame ba."

Ana nan masu wasan suka sake sakin wasu katunan. A cikinsu akwai kogi. Duk mai kunkuru in ya haɗa shi da kogi, sai kunkurun ya nutse, shirwa ta biyo shi ta faɗa ruwa. Nan da nan kowa ya koma neman kunkuru. Lambar ta miƙe, ta wuce inda take da farko, ta yi tsawon da sai da ta kusa cika faɗin wayar.

Mai aski ya bar mutum da rabin aski ya shigo yana dariya. Ya tarar da Baba a tsaye, fuska ba walwala.

"Wa ya shigo da wannan?" in ji Baba.

"Kasuwa ce, Baba. Riba ce."

"Ta wace ƙofa?"

A wajen Baba, ƙari ya fi ragi muni. In ka wayi gari buhu ya ragu, ɓarawo ne ya haura. In ka tarar ya ƙaru, to wani yana da makullinka.

Surukin ya dawo daga teku, ya ji labari tun a tashar jirgin ruwa, bai ko biya gidansa ba. Ya iso da jaka a kafaɗa, ya durƙusa, ya yi gaisuwa cikakkiya, ya tambayi gajiya da lafiyar Inna, idonsa yana kan tebur.

"Baba, Allah ya saka da alheri. Yau da rana za a saki wani kada, mai zama a kogi yana fasa ƙoƙon kunkuru. In na sayar kafin ya fito, mun haye."

"Ba haka ka ba ni shi ba."

"Ai ya fi, Baba."

"Shi ne na ce ba haka ka ba ni ba."

Surukin ya dubi surukarsa. Ta ɗaga kafaɗa ta koma kicin. Ba a fisge abu daga hannun uban matarka, lambobin buɗewa kuma suna cikin kan Baba. Aka kawo masa ruwa, ya zauna a kan tabarma, ya riƙe kofin bai sha ba.

Kada ya fito. Lambar ta fara sauka. Baba ya matso da kujera, ya sa tabarau, leɓensa yana motsi. Mai aski yana bakin taga ya dafe kai. Surukin ya ce, "Baba, ko a nan ma ya isa," Baba ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba.

Da lambar ta zo daidai inda aka ba shi, ya miƙe, ya miƙa wayar da hannu biyu, ya faɗi lambobin buɗewa.

"Duba da kyau. Ya cika?"

"Ya cika, Baba. Na gode."

Kafin surukin ya gama danna abin da zai danna, lambar ta wuce ƙasa, tana ta tafiya. Ya ɗago kai a hankali.

"Wannan kuma a hannunka ya faru," in ji Baba. Ya leƙa kicin ya tambayi matarsa ko akwai sauran abinci.