Maɓallin fankarmu da ya ɓata a Ƙurban

Yawancinmu mun ɗauka yawan iska ne ke gyara wuta.

Ina ɗalibi a Madina, a unguwar Ƙurban, maɓallin rage gudun fankar ɗakinmu ya ɓata. Kwana uku ina zargin maƙwabcinmu Idi, ɗan Maraɗi mai gasa nama, da ƙyar nake gaishe shi. Sai ga maɓallin a jikin fankar murhunsa, tana hura ƙwallon dabinon da yake ƙonawa a madadin gawayi.

"Idi, wannan ba namu ba ne?"

"Naku na, Ustaz. Iska ta yi yawa, nama na ƙonewa. Kafilina, ubangidan da nake wa aiki, ya ce in na sake ƙona shi, khalas, sai ya maida ni gida. A lamba biyu yake gasuwa."

Na bar masa, muka sha zafi.

Samari, ku rage wa murhunku fifita, ku faɗa min abin da kuka gani.