Warin Kananzir

A satina na farko a gidan tsohon na zubar masa da giya.

Aikina ke nan a lokacin, kula da tsofaffi a gidajensu. Nakan fito daga Highbridge, unguwarmu a Bronx, da sassafe, in hau bas zuwa wani dogon bene a titin Grand Concourse, inda wani Bature da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar yake zaune shi kaɗai a hawa na shida. 'Yarsa ce ta ɗauke ni. Mace ce mai sauri, tana magana tana duba waya. Ta nuna min kicin da kabad, ta ce duk abin da ya wuce lokacinsa in watsar, kada ubanta ya ci ya mutu a hannuna. A wurin horon aiki ma abin da suka yi ta cusa mana ke nan.

A ƙasan kabad ɗin tufafi, bayan takalma, na tarar da kwalabe uku a kwance cikin tsohon bargo. Dogaye ne sirara. Shekarar da ke jikinsu ta girmi ɗana na fari. Ruwan ciki ya yi rawaya kamar fitsarin mai zazzaɓi, ɗaya kuma ta ɗan tsatso ta baki. Na shinshina, sai warin kananzir.

Ni kuwa ba baƙuwar giya ba ce, ko da yake ban taɓa faɗa wa 'yan cocinmu na Bronx ba. Uwata burkutu take dafawa a ƙauyenmu na kudancin Kaduna, da shi ta yi mana makaranta. Na san burkutu in ya kwana ya soma tsami, in ya kwana biyu sai aladu. Don haka ban yi wata-wata ba. Na tsiyaye su a sinki, na wurga kwalaben a ramin shara, na ninke bargon na mayar. Har ina yaba wa kaina, wai na ceci rai.

Wata biyu tsohon bai ce min komai ba sai "ruwa" da "bayi". Ranar da bakinsa ya buɗe, ina yanke masa farce ne. Ya ce in daina ja da baya, mai yanka da tsoro ɓarna yake yi. Na ce, "Baba, kai wanzami ne da?" Ya yi wata dariya da rabin baki, ya ce manomi ne.

Daga nan kullum sai gona. Tana can arewacin jihar da muke ciki, tafiyar awa biyar, a gangaren wani tudu da ke kallon tafki mai zurfi. Ubansa ne ya zo daga Turai da 'yan rassan inabi, ya sayi wurin a hannun wani mai shanun madara. Maƙwabta suka yi ta masa dariya, wai irin wannan kuringar inabi ba ta jure sanyin ƙasar. Shi kuwa ya lura tafkin yakan riƙe ɗumin rani ya riƙa sakinsa a hankali, sai ya dasa a kusa da ruwa, a kan ƙasa mai tsakuwa wadda ko masara ba ta so. Sau biyu sanyi yana kashe masa rabin gona, sau biyu yana sake dasawa.

Farin inabi iri ɗaya tak suke nomawa. Ba sa ban ruwa, don saiwa ta wahala ta nutsa cikin dutse. A tsakiyar hunturu suke yanke rassa, su bar biyu kawai. Da rani kuma su bi suna tsinke nonnan inabi ɗanye suna yarwa, wai kaɗan ɗin da ya rage ya fi daɗi. Nan na ce masa a garinmu wanda ya zubar da amfanin gona ɗanye, ɗaure shi ake yi a kai shi wurin mai magani. Ya ce maƙwabtansa ma haka suka ce.

Girbi da hannu ake yi, a makare, sai sanyi ya fara cizo. A matse a hankali, a zuba ruwan a tanki, ba a sa yisti, ba a ƙara sukari. A bar shi cikin sanyi yana tsima da kansa har hunturu ya fita, yana kwance a kan dusar da ta taru a gindi. Wannan na gane shi sarai, domin uwata ma ba ta wanke tsohuwar tukunyarta tas, takan ce a nan ran giyar yake. Da na faɗa masa ya daɗe yana kallona. Tun daga ranar ya daina kirana "yarinya".

Hancin gonar kuwa matarsa ce. Ita ke shinshina kowane tanki ta ce yau ko gobe. Da ta rasu ya yi shekara uku yana yi shi kaɗai, giyar ba ta fito ba, sai ya sayar da gonar. Wanda ya saya ya tumɓuke kuringar duka ya gina gidajen hutu. Wannan ya faɗa min ne ina goge masa baki bayan kunun hatsi, muryarsa ba ta ko girgiza ba.

Sai ya ce, "Amma na ajiye uku. Na shekararta ta ƙarshe. Suna ƙasan kabad."

Ya ci gaba da cewa irin wannan giya da shekaru take nuna, kuma ranar da zai cika tamanin, a watan gobe, za a buɗe. Wai ni ma sai na ɗanɗana, 'yar mai sana'a.

Sati uku na yi da abin a ƙirjina. Wata 'yar Zango ta Kumasi da muke haya tare ta ce, "Sister, ki je store ki sayi wani ki zuba mishi, mutum da stroke, jiki ya shanye, me ya sani?" Na je har bakin shagon, na tsaya ina kallon kwalabe ta gilashi, na juyo. Uwata ba ta taɓa sirka burkutu da ruwa ba, ko ga wanda ya riga ya bugu. Na ji haushin 'yarsa da ba ta gaya min ba, na ji haushinsa da ya ɓoye dukiya a bayan takalma, amma haushin kaina ya fi duka.

Ranar ta zo da ruwan sama. 'Yarsa ta bugo ta ce aiki ya riƙe ta. Na yi masa aski, na sa masa farar riga. Ya ce in ɗauko kofuna biyu masu dogon wuya, sannan in je kabad.

Ban je ba. Na durƙusa a gaban kekensa na guragu kamar yadda muke yi wa manya a gida, na gaya masa komai, har ramin sharar.

Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Hannunsa mai lafiya ya kama ƙarfen keken har yatsun suka yi fari. Can ya ce, "Kin shinshina?"

Na ce na shinshina.

"Me kika ji?"

Na ce, "Kananzir, Baba. Sai wani abu kamar zuma a bayansa."

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta ɓangaren fuskar da ba ya motsi. Ya ce, "Ashe ta nuna. Matata ta ce min giyar za ta kai wannan warin, na yi mata gardama."

Ya ce in sake faɗa masa, a hankali, tun daga lokacin da na buɗe bargon. Na faɗa. Kofunan suna kan tebur babu komai a ciki, ya ce kada in ɗauke su.