Ruwan da Tazuko Ta Hana Ƙanwarta

Inna Tazuko, mai awara ta layinmu a Hiroshima, ba ta taɓa aure ba, kuma masifa gare ta. Ka kuskura ka ce awararta ta huce, sai ta ce, "To je ka ci ta uwarka mana."

Shekararta goma sha shida aka jefa mana bam ɗin nukiliya. Ta tsinci ƙanwarta Fusae a gefen titi, duk ta ƙone, tana roƙon ruwa. Wani soja ya ce duk wanda ya ƙone aka ba shi ruwa mutuwa zai yi. Tazuko na riƙe da buta, amma ta hana ta. Kafin la'asar yarinyar ta cika. Shekara arba'in tana lallashin kanta cewa ai ceton ta take son yi.

Sai ga wani dattijon Ba'amurke, cikin masanan da suka ƙera bam ɗin, ya zo ganin gari, ni ce tafintarsa. Inna ta tare ni.

"'Yar nan, kawo min bokan nan naku. Tambaya ɗaya ce."

Na kai shi. Ta zuba masa shayi, ta sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa baƙo, ta faɗi inda Fusae take lokacin da abin ya fashe.

"Tambaye shi, da ta ƙara haƙuri da ƙishin, da ta rayu?"

Ya yi ɗan lissafi da yatsu. "A wannan kusancin ba mai tsira. Ko an ba ta, ko an hana ta, duk ɗaya ne."

Shi a ganinsa ya kwantar mata da hankali. Na so in yi ƙarya, na kasa, na faɗa mata yadda ya faɗa. Har yau haushin kaina nake ji.

"Ashe a banza na bar ta da ƙishi," in ji Inna. "To shi fa, abin ba ya cin sa?"

Dattijon ya kalli shayinsa. "Ni lissafi kawai na yi. Wasu suka yanke hukunci, wasu suka jefa."

Inna ta gyaɗa kai.

"Ya ji daɗi, ya samu waɗanda zai miƙa wa laifin. Ni wa zan miƙa wa, 'yar nan? Butar a hannuna take."