Jirgin Yaya Ilu Ya Koma Ruwa

Shekara tara ke nan da muka kai Yaya Ilu makwancinsa, kuma a duk tsawon lokacin ban taɓa rubuta kome a kansa ba. Ba abin faɗi na rasa ba. Gani nake na riga na sauke haƙƙinsa, tunda amanar da ya bar mini tana nan cikin zaurena, ko kaza ban bari ta hau kanta ba. Sai bana na gane saura ƙiris in kashe amanar nan da hannuna, shi ya sa na ce bari in zo in faɗa a gaban jama'a.

Duk wanda ya san Matameye shekara ashirin baya ya san Ilu kafinta. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Kamar sauran magidanta, da an gama kaka sai ya ɗauki zarto da guduma ya ƙetara Najeriya cin rani. Wata shekara aikin rufi ya kai shi wani gari na bakin kogi, can wajen Yawuri, aka sauke shi kusa da inda ake ƙera jirage. Abokan tafiyarsa sun dawo da rediyo da turmin atamfa. Shi kuwa ya dawo da zanen kwale-kwale a bayan takardar buhun siminti.

Wata biyu ya yi yana haɗa shi a tsakar gida da katakon da ya daɗe yana tarawa. Tsawonsa gaba biyu da ɗan ɗori, ƙasansa a shimfiɗe. Tsakanin katako da katako ya cusa auduga, ya bi da narkakkiyar kwalta. Gari kuwa ya sami abin hira. Mu da iyakar saninmu da ruwa tabki da korama, masuntanmu ma a kan ƙaton gora suke kifa ciki su yi iyo, me za mu yi da jirgi? Aka laƙaba masa Sarkin Ruwan Tudu. Ba zan ɓoye ba, ni na fi kowa ɗaga murya wajen dariyar. Lokacin ina sabon mushe, wato malamin makaranta, a lakwal, ina jin duk abin da ba ya cikin littafi shirme ne. Shi dai ƙusa a baki, yana ta bugu.

Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne, da aka kai jirgin tabkin da ke hanyar Tsauni ya ƙi nutsewa, Yaya bai sayi komar kamun kifi ba, bai kuma fara fiton mutane ba. Yawo kawai yake yi. Idan damina ta yi nisa, tabkuna suka cika suka haɗe ta korama, sai ya shiga da sassafe ya bi ruwa daga wannan tabki zuwa wancan, ya dawo bayan la'asar. Aka tambaye shi amfanin wannan wahala, ya ce yana so ne ya ga ƙasarmu ta baya.

Sai a damina ta biyu na yarda na shiga, shi ma don ya ce tsoro nake ji. Gaskiya ce kuwa. Na zauna a tsakiya na ƙanƙame gefe biyu, ya miƙo mini gwangwani ya ce aikina kwashe ruwa. Ya sa gora ya tura, tudu ya fara ja da baya. Abin da na fara lura da shi shi ne shiru. Ba kukan moto, ba cinikin kasuwa, sai ƙarar ganyen bado yana goga cikin jirgi. Muka ratsa ta ƙarƙashin giginyu da ƙafafunsu ke cikin ruwa. Tsuntsayen kirinjijiya suka tashi a gabanmu suna fito, wani zalɓe ya kalle mu sau ɗaya ya ci gaba da harkarsa. Gonakin rake da na sani tun ina yaro, waɗanda nake wucewa ta bakin hanya, ga su nan ta inda ban taɓa ganinsu ba: bukkokin masu gadi, mata na wanki a kan dutse, wani tsoho ya ɗaga fartanya yana mana sannu. A wani ɗan tsibiri mai goriba uku muka sauka, Yaya ya hura gawayi a furno ya ɗora shayi, muka yi azahar a kan yashi. Duk yinin nan maganar da muka yi ba ta cika cokali ba. Ban taɓa jin na kusaci wana kamar ranar ba, kuma daga nan duk ranar da babu lakwal ina cikin jirgin da gwangwanina.

Abu ɗaya ne bai yi mini ba. Idan rani ya shigo ruwa ya ja baya, Yaya ba ya kawo jirgin gida. Sai ya ja shi zuwa gurbin da ba ya ƙafewa, ya loda masa duwatsu har ya nutse, ya yi tafiyarsa cin rani. Na sha yi masa faɗa a kan wannan sakaci, abu ka sha wuya ka yi shi sannan ka jefar cikin laka. Yakan ce, "Bar shi, Sani, hutawa yake." Ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba, don mai koyarwa ba ya son a koya masa.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi sati biyu ba. Cikin abin da ya iya faɗa mini har da wannan: "Jirgin nan, ka riƙe min shi." Da aka yi sadakar arba'in na nemi amalanken shanu da ƙarti huɗu, muka tono shi daga laka. Na wanke shi tas, na shanya, na shafa masa fenti, na ɗora shi a kan tubala cikin zaure, na rufe da tabarma. Kowace shekara ina shafa wa tubalan baƙin mai saboda gara. Maiɗakina ta yi mita har ta gaji, ta ce baƙo ya rasa wurin zama a gidanmu saboda katako. Masu zuwa aro kuwa ba su ƙirguwa, duk na sallame su. A raina ina cewa, Yaya ya yi sakaci da kayansa, ni ba zan yi ba.

Nakan zauna kusa da shi in yi tunanin abin da Yaya zai ce da ya leƙo yau. Da ya ga injunan ban ruwa masu aiki da hasken rana a cikin garake, na tabbata sai ya kwance ɗaya ya ga cikinsa, ko mai shi ya yarda ko bai yarda ba. Da ya ga samari sun jera a bakin tabki kowa ya ba ruwa baya yana ɗaukar hoton kansa, murmushi kawai zai yi. Amma ledar da ta cika bakin korama, da ciyawar kacala da ta toshe mashigin da muke bi zuwa tsibirin nan, waɗannan za su ɓata masa rai, kuma ba zai tsaya surutu ba, lauje zai nema. Ban taɓa kawo wa raina cewa abin da zai fi ba shi haushi yana cikin zaurena ba.

Bana ruwa ya yi yawa, korama ta cika ta raba mutanen ƙetare da hanya. Malam Habu, wani tsohon masunci da suka saba da Yaya, ya yi sallama a ƙofata da hantsi. Ya ce mata na ratsa ruwa har ƙirji da kaya a ka, ko zan taimaka da jirgin. Na shirya amsar da na saba bayarwa, amma na ce bari dai in nuna masa yadda ake riƙon amana. Na yaye tabarma ina jiran yabo. Tsohon ya durƙusa ya leƙa ta ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce in zo in gani. Na sunkuya. Hasken ƙofa na shigowa ta tsakanin kowane katako, wani wurin har ɗan yatsa zai shiga. Audugar ta zube, kwaltar ta farfashe.

"Mushe, shekara nawa yana nan?"

Na ce tara.

Ya girgiza kai. "Kai, ka ko yi mai horo. Jirgi ai a ruwa yake rayuwa. In ya sha ruwa katako ya kumbura ya matse ɗan'uwansa, in ya bushe ya saki. Marigayi ba wauta yake ba da yake nitsar da shi."

Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa ya fi muni, don an nuna mini hanya shekara da shekaru ina kiranta sakaci. Na ji kunyar Yaya kamar yana tsaye a ƙofar zauren.

Malam Habu ya ce magani ɗaya ne, a cusa sabuwar auduga a mayar da shi ruwa, a danne da duwatsu kwana goma. In da sauran rai a katakon zai haɗe. In babu, wajen ɗagowa zai rabu, sai dai a tsinci itacen wuta. Ya ce ba zai yi mini alkawari ba. Kwana biyu ina juya maganar. A zaure dai ina da jirgi, ko da na kallo ne. In na kai shi ruwa, mai yiwuwa in dawo da ƙusoshi a aljihu. Maiɗakina ce ta raba gardamar, ta ce, "Malam, jirgi aka ce ka riƙe, ba gawar jirgi ba."

Muka kai shi. Da hannuna na ɗora dutsen farko, ina kallo ruwa ya shiga ta kowace kafa har fentina ya ɓace. Wallahi sai da na yi hawaye, don ji na yi kamar ina sake binne Yaya. Kwana goman nan kullum sai na je na tsaya a bakin tabki, ba abin da nake gani sai bado.

Ran na goma sha ɗaya muka cire duwatsun, muka jawo shi gefe a hankali, muka kwashe ruwan da ƙwarya. Bai rabu ba. Muka zauna muna kallon cikinsa har inuwa ta juya. Wuri ɗaya ne kawai yake tsattsafo, can wajen goshi, Malam Habu ya danna masa auduga da bakin wuƙa. Sannan ya dube ni ya ce, "To, ya tashi. Amma in ka sake kai shi gida, ka haƙa mai rami gaba ɗaya."

Can na bar shi. Yanzu yana ɗaure a gindin wata giginya, Malam Habu ke lura da shi. Yana ƙetarar da mata ranar kasuwa, yana ɗauko rake da buhunan albasa, har akuya na gani a ciki. Fentin da na shafa duk ya kankare. Tsohon ya gaya mini gaskiya, bushewar nan ta ci ƙarfin katakon, in ya yi damina uku ko huɗu a gode wa Allah. Da na bar shi yadda mai shi yake barinsa, da ya fi haka nisa. Wannan laifina ne, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa.

To me ya rage na Yaya Ilu? Ƙofofin da ya yi suna nan a gidajen mutane, ba wanda ke tuna wa ya yi su. Katakon jirgin zai ruɓe, na riga na haƙura da wannan. Abin da nake ganin zai daɗe shi ne, mutanen ƙetare da ba su taɓa ganin fuskarsa ba suna cewa a kira musu jirgin Ilu, kuma duk tsohuwar da ta sauka da busasshen zane sai ta ce Allah ya jiƙan mai shi. Shekara tara na tare masa wannan addu'a da tabarma. Allah ya gafarta masa, ni ma ya yafe mini.

Zauren yanzu fayau yake, an shimfiɗa wa baƙi tabarma. Ni dai har yau in na shigo, sai in tarar na raɓa ta jikin bango, ina kauce wa abin da ba ya nan.