Babban Yatsan Hagu

Daura

Ana idar da sallar asuba Yaya Sani ya kai ni tasha a babur. Katsina na nufa, zan zauna jarrabawar samun lasisin aikin jinya. In babu ita, duk karatun da na gama ba zai ba ni izinin yi wa ko kaza allura ba, kuma wanda ta wuce shi sai wani zagayen.

Hannuwana kuwa sun yi jawur. Gwaggo Hajara, ƙanwar babana, ita ta ƙunsa mini lalle ana gobe tafiya, wai 'yar gidanmu ba ta shiga taro da farin hannu kamar mai takaba. Babban yatsana na hagu kaɗai ya tsira, don da shi nake bin tsofaffin tambayoyi a waya. Ta yi faɗa har ta gaji, na hana ta shi.

Mashi

Nan direba ya tsaya ɗaukar buhunan gero, na sayi ƙosai mai zafi. Dattijuwar da ke kusa da ni ta ƙare wa hannuna kallo.

"Amarya ce?"

"Jarrabawa za ni, Inna."

"To, Allah ya ba da zaman lafiya."

Na ce amin.

Katsina

Da hantsi na isa wurin jarrabawa. A ƙofa akwai na'ura mai tantance zanen yatsa, sai ta gane mutum ake barinsa ya shiga. Na ɗora babban yatsan dama, ta ƙi. Na bi sauran 'yan'uwansa, ta ƙi su kaf.

Ma'aikacin ya ce, "Malama, ba a gaya muku kada ku yi lalle ba?"

"An gaya mana, ranka ya daɗe. Gwaggo ce ba a gaya wa ba."

Bai yi dariya ba. Ya ce in koma gefe, layi da tsawo.

Na sayi lemon tsami a bakin titi, na dirje yatsuna har suka fara zogi. Lallen Gwaggo ko gezau. Ina kallo abokan karatuna suna shigewa ɗaya bayan ɗaya, tsoro ya kama ni sosai, har na fara shirya abin da zan gaya wa Baba. Ina matse ɓarin lemon ƙarshe idona ya faɗa kan yatsan da ke matse shi, fari tas.

Na koma da gudu na ɗora shi. Na'ura ta ce ta san ni.

Gida

Bayan magariba na shigo Daura, na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya. Na ba Gwaggo labari tiryan-tiryan. Ta ce na'urar ce ba ta san ado ba.

Ranar da sakamako ya fito na ci, ita ce ta fara zuwa barka, riƙe da kwanon lalle.

Ta ce, "'Yar nan, miƙo yatsan nan in ƙarasa aikina."

Na miƙa mata.