Makullin da Kawu bai juya ba

Tun safe nake zarya a ƙofar gidan hayarmu na unguwar Zariya. Pampo ya fashe a ciki, ruwa na bin gindin bango, mai hayan kuma ya tafi Tibiri jana'iza, wayarsa a kashe. Na ciro ɗaya makullin gidan da ke wurina, har na zura shi a kwaɗo. Ƙarar ƙarfen nan ce ta tuno min da marigayi Kawu, wanda ya bar min kula da gidajen.

Wata rana da zafin bazara muka je duba rufin gidan hayarsa na Sabon Gari. Ya yi sallama sau uku, shiru. Muka koma gindin iccen bedi, gumi na jiƙa masa wuyan riga, yana ta kaɗa makullai a aljihu kamar yadda ya saba. Haƙurina ya ƙare.

"Haba Kawu, gidanka ne fa! Mi muke jira?"

Bai ko dube ni ba. "Bangon ne nawa, ɗana. Abin da bangon ya rufe, sirrin mutane ne."

Sai bayan la'asar mai hayan ya dawo, muka shiga.

Yau na zare makullin, raina a dagule. Na rufe ruwan daga waje, na tura ɗan kabu-kabu Tibiri da saƙo. Bangon na ci gaba da tsotsar ruwa, ni kuma na kasa zama, na kasa tafiya.

Allah ya jiƙan Kawu. Yadda bai taɓa faɗa wa kowa ɗaki ba, Allah ya sa mala'iku su shigar masa kabari da sallama.