Ranar da na kulle kaina a wajen shagon Baba

Shekarun baya, lokacin da ciwo ya kwantar da mahaifina a gidanmu na unguwar Yakite, abin da ya fi damunsa ba allura ba ne, shagonsa ne. Tun kafin a haife ni yake sarin shinkafa da mai a kasuwar Kilomita Biyar, bai taɓa yin mako bai buɗe ƙofar nan da hannunsa ba.

Ni ban yi karatu mai zurfi ba, aikin haɗa kwamfutoci na koya a wurin wani abokina. Sai na ce, "Baba, zan kawo muku shagon har kan gado."

Ya dube ni. "A kan moto za ka ɗauko shi?"

Akwai kyamara a shagon, akwai kuma suwic, wato akwatin da duk wayoyin kyamara da na kwamfuta suke haɗuwa a cikinsa. Na kafa eriya a rufin shago, na kafa wata a gida, na saita suwic ɗin yadda zan iya sarrafa shi daga nesa. Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa: ba ya son kowane mai waya ya riƙa leƙa masa sito. Don haka sai an rubuta wa suwic jerin na'urorin da aka yarda su shiga. Da zarar jerin ya fara aiki, duk wanda babu shi a ciki an rufe masa ƙofa.

Ranar Juma'a da hantsi na zauna a gefen gadonsa ina rubutawa. A gidanmu ba a sa ƙarami gaban babba, ko a kwanon abinci ko a takardar biki. Hannuna da kansa ya fara da lambar wayar Baba, na danna, da niyyar in sa kwamfutata a layi na biyu. Babu layi na biyu. Nan take suwic ya yanke ni.

"Me ya faru, injiniya?"

"Na kulle kaina a waje, Baba."

Ya yi dariya har tari ya kama shi, mahaifiyata ta shigo da gudu. Ya ce mata, "Zo ki ga mai gadin da ɗanki ya ɗauka. Uban gidansa ya fara kora."

Gyaran sai an je an soka kebul a jikin akwatin. Na hau moto, wato babur ɗin haya, amma masu sallah sun fara cika titin Koudoukou, sai na sauka na ƙarasa da ƙafa. Na bi jam'i, kwamfuta a gefen tabarmata. Bayan sallama na buɗe shago, na sa lambata, na ware kyamarori a sashensu, na adana saitin don kada ɗaukewar wuta ta share shi. Sannan na kira gida.

Mahaifiyata ce ta ɗaga. Ta ce ya riƙe wayarsa da hannu biyu, yana kallon shagonsa a ciki. Can na ji muryarsa: "Wa ya jingina buhunan nan da bango? Damina ce fa. Ka ɗago su kan katako." Ina ɗaga buhu yana kallona, yana ce mini dama, hagu. Da na gama ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Wata biyu ya yi yana buɗe shagonsa da ido kowace safiya, kafin Allah ya karɓi abinsa.

Tun daga nan na saita suwic a ofisoshi da otal-otal, wasu sun ninka namu girma, kuma kullum lambata nake fara sawa. Amma idan aka tambaye ni aikin da na fi alfahari da shi, wancan nake faɗa. Mahaifina bai rabu da shagonsa ba sai ranar da ya rabu da mu. Allah ya jiƙansa.